Kalma Ɗaya, Ma'ana Uku

Zuwa ga mahaifiyata Inno, a Kwalkwalawa.

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fatan kina lafiya, ƙafar nan ta yi sauƙi. Allah shi sa haka.

Na san ba za ki tambayi labarin Yaya Lawwali ba, ɗan fari ne, ko sunansa ba kya faɗa. To ni zan faɗa miki. An kai shi gaban Bature, ba gaban alƙali ba, tunda wanda kibiyarsa ta kashe masinjan Bature ne. Yaya ya faɗi gaskiyarsa: gyado, aladen daji, ya harba a fadamar shinkafa, bai san da mutum bayan ciyawa ba. Mairo mai tallan nono ta yi shaida. Ta ce ta gan shi ya ɗana baka, ya ƙura ido wuri guda, ya daɗe kafin ya saki. Maigandi tafinta ya juya da Turanci. A cikin maganarsa na tsinci kalma ɗaya, intenti. Bature ya maimaita ta, ya rubuta, ya ɗaga kai ya dubi Yaya.

Ni da nake ta homa ina koyon Turanci, ban san ta ba. Na tsaya a bakin ƙofa kamar turmi. Gobe zan tambayi malaminmu.

Ki gaida Zulaihatu matar Yaya, a ce mata mijinta yana cin abinci.

Ɗanki, Hayatu.

Zuwa ga Inno.

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta yara.

Na tambaya. Malaminmu, shi ma Bature ne, ya ji daɗin tambayar ƙwarai, har ya sa sauran ɗalibai su saurara. Ya ce kalmar tana da fuska uku. Tana nufin niyya, abin da mutum ya ƙudurta a zuci. Tana nufin manufa, inda aka dosa. Kuma in mutum ya tattara hankalinsa ya ƙura wa abu ido, nan ma ita ake faɗa. Ya rubuta su a allo da kyakkyawan rubutu, ya ce ina da kaifin kai.

Kin gani, Inno. Mairo ido ta faɗa, Maigandi ido ya juya, mai shari'a ya ji zuciya. Babu wanda ya yi ƙarya. A wurinmu ko yaron da ya fara Ahalari ya san kisan kuskure daban, na ganganci daban, kuma niyya ce ta raba su.

Na je wurin Maigandi a Ƙofar Kware. Ya saurare ni har na gama, ya ce shi ma bai san fuska uku gare ta ba, amma takardar hukuncin kisa ta riga ta tafi kudu wurin manyansu. Na roƙi malaminmu ya sa baki. Ya ce shi harshe yake koyarwa, ba shari'a ba. Na yi masa godiya, ban san dalili ba.

Ban yi kuka ba, ban yi fushi ba. Ina ci, ina barci, ina zuwa makaranta.

Ɗanki, Hayatu.

Zuwa ga Inno.

Gaisuwa da ta'aziyya. Allah shi jiƙan Yaya, shi ba ki haƙuri, ke da Zulaihatu.

Bayan an zartar da hukuncin an ba mu gawarsa, mun yi masa sutura, mutanen unguwar Hubbare sun taru da yawa. Da na gan shi a kurkuku karo na ƙarshe, na yi masa bayanin kalmar. Ya yi dariya kaɗan, ya ce ashe gyadon nan ya fi kowa sa'a. Ya ce a ba ɗansa Sodangi bakan in ya girma, sai kuma ya ce a'a, a ƙone.

Kin aiko cewa in bar makarantar in dawo gona. Ba zan bari ba, kada wani ya sake tsayawa inda Yaya ya tsaya babu mai ji masa. Haka nake gaya wa mutane. Gaskiya, ban san ko abin da ke raina ke nan ba, don ba na jin komai a ciki.

Abu ɗaya ne ya dame ni. In na tashi salla, sai in nemi niyya in rasa. Liman ya yi kabbara, sahu ya bi, ni ina tsaye, hannuwa a sake, na ƙura wa wurin sujada ido, zuciya fayau. Da Turanci, Inno, wannan ma sunansa niyya.

Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki da ya rage, Hayatu.