Katin Hoton Kwamitin Unguwa

Birnin Gwari, 9 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga 'yata Lailatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da shagon gyaran kwamfuta. Tunda aka yanke layin waya a nan mun koma takarda irin ta da. Obed direba zai kawo miki wannan.

Tsohuwar kwamfutar da kika bari ce take wahalar da ni. Hoto yana tafiya kamar tsoho a hawan tudu, wani lokaci ma mutum ya fito ba kai. An ce katin hoton cikinta ne ya tsufa. Ki aiko da sabo. Aikin kwamitin unguwa nake yi da ita, rubuce-rubuce ne kawai.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Nababa

Kaduna, 13 ga Oktoba

Baba,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da Inna, ya haƙuri da zaman garin?

Baba, rubutu ba ya neman sabon kati, kuma ban taɓa ganin mutum ba kai a takardar taro ba. Abu ɗaya ne a kwamfutar nan yake yin haka: emuleto, manhajar da take mayar da kwamfuta na'urar gem. Ba ta jituwa da tsohon katin. Amma sai na san wasan da ake bugawa, don wani kati mai araha ya ishe shi, wani kuwa sai babba. Wane ne a kwamitin yake bugawa?

'Yarka, Lailatu

Birnin Gwari, 20 ga Oktoba

Lailatu,

Sallama da gaisuwa. Kwana huɗu takardarki ta yi a aljihuna ina kewaya ta.

Shugaban kwamitin ne yake bugawa. Ƙwallon ƙafa.

Kin san gonar Randagi ba ta shiguwa bana, mutanen daji sun tare hanya. Mutum ya wuni zaune, rediyo ba ta faɗin abin daɗi. Rannan ina latse-latse sai ga fili kore da 'yan wasa. Na ce bari in ga abin da yake lalata yara. Wata biyu ke nan ina gani.

Ni ne na ja mutane muka rufe gidan gem na bakin kasuwa. Ni ne kuma na sa taɓarya na farfasa na'urar da kawunki ya ba ki, kina aji biyu, kina kallona ba ki yi kuka ba. Shekara goma sha huɗu ban taɓa tayar da zancen ba. Yau ga shi da furfurata ina roƙonki kati don mai tsaron gidana ya samu kai.

In kin ƙi aikowa, kin yi daidai. Abin da nake nema da gaske ki yafe mini. Innarki ta ɗauka rubutu nake yi, har tana korar baƙi.

Mahaifinki

Kaduna, 23 ga Oktoba

Baba,

Ina gaisuwa. Ga kati a kwalin sabulu, Obed bai san kome ba. Kada ka taɓa shi, ni zan saka da kaina ranar Juma'a. Na haɗa da hannun gem guda biyu.

Na yafe, Baba. Amma a fili ba zan raga maka ba.

Lailatu