Dokta Sai-Haƙuri

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma ni da waya.

Na baro ɗakin haihuwa inda ake ganin girmana, na zo nan wai in ƙware a dashen ɗan tayi, ga shi na ƙare a wani ɗan ƙuƙumin ɗaki kusa da banɗaki, daga ni sai wayar asibiti. Tsarin Farfesa, shugaban sashenmu, ke nan. Idan sakamakon gwajin jini ya fito, wadda ciki ya kama shi ke kiran ta da kansa, daga ofishinsa, ƙofa a wangale don kowa ya ji ihun murna. Wadda bai kama ba sai a miƙo wa ƙaramar likita, wato ni. Wai a nan ake koyon tausayi. To shi yaushe zai zo ya koya?

Maganar ma na haddace ta: sai haƙuri, bai kama ba, ki daina allurar daga yau, ki zo mu tattauna.

Alhamis, 6 ga Maris

Ashe suna aka raɗa min a ɗakin jira. Dokta Sai-Haƙuri. Sista ce ta gaya min, tana dariya har da dafe bango. Ni ban ga abin dariya ba.

Na san wadda ta ƙirƙiro shi. Malama ce, doguwar nan mai tabarau da ke koyarwa a firamare. Sau biyu aka yi mata dashe, sau biyu ina kiran ta. A na biyun ta bari na gama haddata tsaf, sannan ta ce, “Mahaifiyarki ta san aikin da kike yi kuwa?” Kamar ni na hana shi kamawa. Ni da ko bututun dashen ba a taɓa bari na riƙe ba.

Ɗan tayi ɗaya ya rage mata a daskare. Daga shi babu wani, Farfesa ya riga ya gaya mata ƙwanta ya ƙare. Mako mai zuwa za a saka mata. Ba na yi mata mugun fata, amma wallahi ba na son ganin ta.

Talata, 11 ga Maris

Shafaffiya, abokiyar aikina 'yar lelen Farfesa, ta yi dashe da hannunta yau. Rana ɗaya muka fara da ita, jarrabawa kuma na fi ta, amma ita ta iya dariya tun Farfesa bai ƙarasa barkwancinsa ba. Ta fito tana cire safar hannu a hankali kamar a fim, ta leƙo ɗakina ta ce, “Ƙawata, yau mutum nawa kika kashe?”

Na yi mata murmushi. A zuciyata kuwa na shaƙe ta.

Laraba, 12 ga Maris

Na kira Mama in gaishe ta, tana ɗagawa ta ce, “Wa ya rasu?” Muryar tawa ma ta lalace ke nan.

Juma’a, 14 ga Maris

An yi wa Malama dashe. Na sa hula da takunkumi na shiga, ko ba komai in kalla. Tana kwance, ƙafafu a sama, amma ido ɗaya ta yi min ta gane ni. Ta ce, “A fitar min da wannan.” Wannan! Kamar wata kyanwa ta shigo.

Na jira Farfesa ya ce likita ce, tana koyon aiki. Ko kallona bai yi ba, da haɓa ya nuna min ƙofa. Na tsaya a baranda da hula a kai, masu shara na wucewa suna yi min sannu. Rabona da jin kunya irin wannan tun ina ɗaliba.

Lahadi, 16 ga Maris

Na gaya wa Baban Yara in wata ya ƙare zan koma tsohon aikina. Ya ajiye jaridarsa, ya gyara murya, ya ce, “To, sai haƙuri.” Na jefe shi da filo. Shi ma ya shiga layinsu.

Da gaske nake.

Laraba, 26 ga Maris

Dole in rubuta wannan.

Sakamakon Malama ya fito da rana. Ya kama. Na duba sunan, na sake dubawa. Ya kama. Sai dai sinadarin da ke riƙe ciki ya yi ƙasa a jininta, dole a ƙara mata ƙarfin allura yau yau. Irin nata dashen kuwa allurar nan ce ke ɗauke da cikin gaba ɗaya, in aka tsaya zai iya tafiya.

Farfesa ya tafi taro, yana cikin jirgi. Shafaffiya ya bar wa kiran masu rabo, ita kuma ta fece tun kafin azahar, wai ciwon kai, wayarta na ta ringin ba a ɗagawa. Sista ta ce, “Dokta, ki bari sai gobe.” Na ce allura ba ta san gobe ba. Gaskiya kuma, tunda ba mai karanta wannan, ina son in ji yadda matar nan za ta yi da bakinta idan albishir ya fito daga nawa.

Na kira. Na yi sallama, na ce likita ce daga asibiti. Iyakar abin da na samu faɗa ke nan. Ta ce, “Na gane muryar. Ba sai kin wahalar da kanki ba, na san sauran.” Ƙit, ta kashe.

Na sake kira, waya a rufe. Na tura saƙo, bai shiga ba. Lambar mijinta ma ba ta shiga, Sista ta ce direban babbar mota ne, yana can kan hanya. Na hau mota na bi kwatancen gidan da ta bayar, mai gidan ya ce ai sun tashi tun bara.

Ta san sauran. Ni na koya mata shi da bakina har sau biyu: ki daina allurar daga yau.

Alhamis, 27 ga Maris

Da sassafe na ɗauki allura a jaka na tafi makarantarsu, wadda ke bayan tashar mota. Sista ce ta tuna ta taɓa ambata ta. Na yi tsammanin zan tarar ba ta zo ba, sai ga ta a gaban allo tana koyar da rabawa, ido a kumbure, murya tsaf. Mace ke nan, ko ba na son ta sai na faɗa.

Ta gan ni ta taga, ta fito da alli a hannu. “Har nan kika biyo ni da shi? Wayar ba ta ishe ki ba?”

Na ce ya kama. Ta ce ƙarya nake. Na ce Malama, kina da ciki. Ta ce, “Farfesa ne ke kiran masu ciki, kowa ya sani. Ke me ya kai ki?” Na tambaye ta ko ta yi allurar jiya. Ta girgiza kai. Ta safe fa? Ta ce ta zuba su duka a kwandon shara tun jiya.

Nan na manta ni likita ce. Na hau ta da faɗa a gaban ajinta, na ce wace irin mace ce ba ta iya bari mutum ya kai aya, ita ma ta taso min, wace irin likita ce ba ta iya fara magana da abin da ya fi muhimmanci. Yara sun cika taga. Shugabar makarantar ce ta tura mu ofishinta, a can na yi mata allurar, ta dafa tebur tana zagina ƙasa-ƙasa, hawaye na sauka kan littattafan mutane.

Ba ta ce na gode ba. Ban nema ba.

Juma’a, 28 ga Maris

Farfesa ya dawo, ya wanke ni tas a gaban kowa. Wa ya ba ni izinin kira? Ban san matan nan sun san muryata ba? Na ce, “Ranka ya daɗe, wa ya sa suka san ta?” Shafaffiya na ta kallon farcenta. Ita ba a ce mata komai ba, ciwon kai ai ba laifi ba ne.

Ya ce a sake gwajin jinin Malama.

Litinin, 7 ga Afrilu

Ta ga ɗan jini, ta zo a firgice. Ya tsaya. Da za ta fita ta same ni a baranda ta ce, “In ya zube, ke ce.” Na ce in ya zube taurin kanki ne.

Na shiga banɗaki na kulle. Abinci ya ƙi shiga tun ranar makarantar nan, Baban Yara ma ya daina tsokana. In ya zube ni ce, na sani. Da na bari Sista ta kira, da muryar da ba wanda ke tsoro. Ban bari ba saboda ina son in ci nasara a kan mace mai neman ɗa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ranar sikanin, wato hoton ciki. Na tsaya can bakin ƙofa, kusa da kwandon shara, inda za a kore ni ba wahala. Ba ta ce a fitar da ni ba.

Farfesa ya daɗe yana juya na’urar. Sai na hango shi a allon, ɗan mitsitsi, yana ƙyaftawa. Farfesa ya washe baki ya fara jawabinsa, barka, barka, kin ga abin da nake gaya miki, aikinmu ya yi kyau.

Ko kallon sa ba ta yi ba. Ta ɗago kai tana nema na. Ta ce, “Ke. Zo nan. Shi kullum daɗin baki ne, haka ya ce min wancan karon ma komai zai yi kyau. Ke ce ba kya yi wa mutum ƙarya. Duba ki gaya min.”

Na matsa, na duba da kyau, don kada ta ce na yi mata alfarma. Da ƙyar na ce, “Yana nan, Malama. Zuciyarsa na bugawa.”

Ta ce, “Sake faɗa.” Na sake.

Ta cire tabarau ta rufe fuska da hannu biyu. Fuskar Farfesa kuwa, da ma ina da hotonta.

Juma’a, 18 ga Afrilu

Farfesa ya ce sabon likita zai fara ranar Litinin, in miƙa masa waya, ni in koma ɗakin dashe. Na ce dashen ina so, amma a bar min wayar, kuma duka, da mai daɗi da marar daɗi. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce zai duba. Ba wai don matan nan ba ne, har yanzu haushi suke ba ni. Kawai sabon zai ɓata aikin ne.

Baban Yara ya tambayi maganar komawa tsohon aiki. Na ce ban samu lokaci ba.

Da yamma na kira wata, bai kama ba. Na gaya mata, ta yi shiru, ni ma na yi shiru. Ina jin numfashinta, can kuma wani na wanke kwanuka. Ban kashe ba sai da ta kashe da kanta. Shayina ya huce, shi ne kawai ya ɓata min rai.