Layin Dogo a Ɗakin Jariri

Yaya Lorraine,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Mama, ya yara? Mu nan Ohio lafiya lau, kada ki damu. Aiki dai bai samu ba tukuna, amma surukina Vern yana riƙe da mu, ana ci ana sha.

Sai dai 'yan jiragen ƙasan nan nasa na wasa sun ishe ni. Sun cinye ɗakin ƙasa kaf, yanzu sun hauro sama. Jiya na tarar ya huda bangon ɗakin da ya ce na jaririnmu ne, ga matata Darla haihuwa yau ko gobe. Ƙura har cikin kayan jaririn da muka wanke.

Na ce, "Baba, gadon fa?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ƙarƙashin gada mana! Na auna, zai shiga. Yara na son jirgi."

Dattijo da furfurarsa, Yaya! Ya gina wa 'yan mutanen roba gari guda, kowa da gidansa har da fitila, jikansa kuma sai ƙarƙashin gada.

Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Ki tambayar mini ita cikin dabara ko tsohon ɗakina yana nan.

Ƙaninki,
Curtis