Musafahar Kaka

Zuwa ga ƙanwata Gunvor,

Ina gaishe ki, da fatan gwiwar tana lafawa. Mu nan lafiya, sai dusar ƙanƙara.

Wasiƙar lauya ta iso. Wai kamfanin da ɗanki Sindre yake wa aiki ya yi rajistar musafaha, ta zama tasu, kada in ƙara yanka ta. Kin tuna yadda Kaka yake haɗa gungume biyu ba ƙusa, su riƙe juna daga ciki, ya ce sun yi musafaha. Ni na kama hannun Sindre na nuna masa. Na buga masa waya, ya ce, "Kawu, aikin ofis ne, kar ka ɗauke shi da zafi." Na ce, "Ofishinku ne ya gina rumbun Kaka da ke Haugen?"

Karatuna bai yi nisa ba, amma zan je kotu.

Yayanki,
Torjus

Gunvor,

Gaisuwa da fatan alheri. Burodin da kika aiko ya iso, na gode.

Lauyata ta ce sai alƙali ya ga tsohuwar musafaha da idonsa, ya san ta girmi rajistarsu. To, ita daga waje layi ɗaya ce siriri, kuma in ta kulle ba ta buɗuwa. Jiya na sa zarto a babban gungumen rumbun Kaka. Shekara ɗari da goma yana ɗauke da rufi bai yi ƙara ba, jiya ya yi. A ciki na tarar da harafin sunansa, wanda ya zana da bakin kurfin sassaƙa. Na zauna a ƙasa na daɗe.

Kada ki zo, hanya da santsi.

Torjus

Ƙanwata,

Yaya jiki? Ni dai ga ni.

Mun faɗi a shari'ar. Alƙaliya ta juya katakon a hannunta, ta tambaye ni wa ya san wannan yanka a kwarinmu. Na miƙe da alfahari na ce babu kowa, Kaka ya rantsar da mu, ƙofa a rufe muke yanka ta. Sai na ga lauyata ta rufe ido. Ashe a dokarsu, abin da aka ɓoye wa jama'a kamar ba a taɓa yin sa ba ne. Da bakina na ba su.

A bakin ƙofa Sindre ya miƙo mini hannu, idonsa ja. Na duba hannun. Tabon kurfin nan yana babban yatsansa, na ranar da na koya masa. Na sa nawa a aljihu. Ki gaya masa ba ƙiyayya ba ce, hannun ne ya ƙi fitowa.

Rufin rumbun ya fara saukowa. Yau na haɗa gungumen da fallen ƙarfe da ƙusa takwas. Ban iya kallon wajen ba.

In kin je coci ki sa ni a addu'a.

Yayanki,
Torjus