Sunan da Ban Taɓa Faɗa Ba

Alhamis, 30 Oktoba 2014

Mubi ta faɗi jiya. Wayar yaron nan na wajen Inna ba ta shiga. Shi na fara haifa, Inna ta raine shi, yana ɗinki a can. Ban faɗa wa kowa ba.

Litinin, 3 Nuwamba

Sun ɗauke ni tafinta a sansanin 'yan gudun hijira na Damare, daga unguwar Makama nake zuwa kullum. Mu uku ne a tebur. Nahla, 'yar Sudan, tana tambaya da Turanci, Jemimah ta mayar Hausa, ni in mayar Fillanci. Sunayen waɗanda suka ɓace muke rubutawa. Na ɗauki alkawari tsakanina da Allah: ba zan ƙara ba, ba zan rage ba.

Laraba, 5 Nuwamba

Wata tsohuwa daga wajen Maiha. An tambaye ta sunan ɗanta, ta sunkuyar da kai. Sau uku. Jemimah ta ce, "Goggo, gaya mata layi ya yi tsawo fa." Na ce ɗan fari ne, ba za ta faɗa ba. Semteende ce.

Nahla na da ɗan littafi da take tara kalmomin da suka ƙi fassaruwa. Ta ce in fassara mata. Na ce kunya. Jemimah ta mayar mata da Turanci, sai Nahla ta tambayi wane laifi tsohuwar ta yi. Ba laifi. Ta kawo haya'u ta Larabci, wadda na sani tun makarantar allo. Ta yi kusa, ba ta kai ba. Ya zan ce mata so ne wanda ake rufewa don ya yi yawa?

Ta rubuta kalmar, ta bar gabanta fili. Tsohuwar ta tafi ba a rubuta ɗanta ba.

Asabar, 8 Nuwamba

Wayar dai shiru.

Lahadi, 9 Nuwamba

Nahla ta karanta mana wata kalma ta mutanen Fotugal, wai kewar abin da mai yiwuwa ba zai dawo ba. Jemimah ta ce, "Wannan ai ta cika Damare, sai dai ba mu sa mata suna ba." Na tashi na ce zan yi alwala. Da alwalata.

Sunaye ɗari biyu da wani abu sun bi ta bakina. Nasa ne kawai babu a takardar.

Talata, 11 Nuwamba

Bari in rubuta.

Da hantsi mota ta kawo waɗanda suka bi ta Kamaru a ƙafa. Aka ware samarin da ba su da katin shaida, aka zaunar da su a bakin ƙofa. Wanda wani nasa ya tsaya masa, ya faɗi sunan da ya dace da wanda ya bayar, ya shiga. Saura a wuce da su bincike. Ba wanda ya san ranar dawowa daga can.

Aka kira ni fassara. Na wajen Inna ne na huɗu a layi, ƙafa a kumbure, riga ba tasa ba. Ya gan ni ya kau da kai, yadda aka koya masa.

Na ce wa mai tantancewa na san wannan. Ya ce, "Wane naki?" Na ce na wajen mahaifiyata ne. Ya ce, "Sunansa." Bakina ya ƙi. Ya dube ni, ya dube shi, ya ɗaga hannu a tashe shi zuwa mota. Shi kuwa yaron, ko Adda, wato yaya, da yake kirana bai ce ba.

Jemimah ta riƙe mayafina. "Goggo, ke kin san shi ko ba ki san shi ba?"

Na faɗa. Mutumin ya ce bai ji ba. Na sake, har na ƙarshen layi suka waiwayo. Na ce ni na haife shi.

Alhamis, 13 Nuwamba

Yana gida, ana gasa masa ƙafa. Ba mu yi maganar ba.

Na nemo tsohuwar Maiha a bayan tanti, mu biyu kawai. Na ce ta faɗi sunan ɗanta a kunnena, ni zan kai. Da ƙyar ta faɗa. An rubuta shi yanzu.

Nahla ta miƙo littafinta, wai ko yanzu zan cike filin. Na ce ta bar shi haka.

Da la'asar na dama kunu, na leƙa ɗaki na ce, "Mu'tasim, tashi ka sha." Don kada ya huce ne kawai.