Kada a Zare Filogin

Litinin, 3 ga Maris

Netwok ya sake ɗaukewa da hantsi. Kafin in iso sito inda sabar take, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayananmu, Anti mai rajista ta riga ta zare filogi ta mayar. Haka ake yi a ɗakin gwajin nan tun kafin a ɗauke ni aiki: wanda ya fi kusa shi ke zarewa. Sakamakon jinin da ake shigarwa ya ɓace. Wata tsohuwa sai da aka sake ɗibar jininta. Na ga hannunta.

Manaja ya kira ni ofis. "Malam, in ya sake faruwa kafin ƙarshen wata, kamfani zan kawo su karɓi aikin." Bai ɗaga murya ba. Na ce to.

Talata, 4 ga Maris

Na canza waya, na goge ƙura, na gwada wata kafa a suwic, akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa. Duk lafiya. Wataƙila ni ne ba lafiya ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Ya ɗauke ina zaune gaban injin, ba kowa a kusa. Na danne hannuna a cinya, na karanta abin da ya rubuto a allo. Ashe ba katin sadarwa, wanda ke haɗa injin da netwok, ne ya mutu ba. Layin cikin injin, wanda katin ke magana da ƙwaƙwalwa ta kansa, shi ke sarƙewa na ɗan lokaci. Sai injin ya killace katin, ya sanar da direba, wato 'yar manhajar da ke kula da katin.

Abin a jere yake. Direba ya tsayar da komai, a sake tayar da ramin katin, a mayar masa da saitinsa, sannan a ci gaba. Namu tsoho ne, yana tayar da katin amma ba ya mayar da saitin. Katin ya farka bai san aikinsa ba.

Ko dai na fahimta daidai? Takardar sakandare gare ni, sauran duk tsince-tsince ne.

Asabar, 8 ga Maris

Na yi wa Maman yara bayani tana ninke kaya. Ta ce, "Wato kamar kai in an tashe ka daga barcin rana." Ban yi dariya ba, ita ta yi ta biyu.

Litinin, 10 ga Maris

Na sa sabon direba. Na ajiye tsohon, ko da za a buƙace shi.

Laraba, 12 ga Maris

Bayan an tashi aiki na jefa wa layin kuskure da gangan, akwai hanyar yin haka don gwaji. Netwok ya yanke. Na tsaya ina kallon 'yar fitilar bayan katin. Ta mutu. Ta daɗe, ko ni na ga ta daɗe. Sai ta kawo ja, sai kore. Aikin da na bari a buɗe bai ɓace ba.

Na maimaita har na gaji. Kullum yana dawowa, in dai an bar shi. Matsalar ke nan, in dai an bar shi.

Alhamis, 13 ga Maris

Na roƙi Anti kada ta ƙara taɓa filogin. Ta ce, "Ɗan'uwa, mutane na layi suna harara ta, ka ce in naɗe hannu?" Gaskiyarta. Na naɗe filogin da salatif. Da rana na tarar an ɓare, wai an ɗauka gyara ne ya rage.

Manaja kuwa ban faɗa masa ba. Na je bakin ƙofarsa na dawo.

Talata, 18 ga Maris

Shiru. Shirun ma ya hana ni sakewa.

Juma'a, 21 ga Maris

Ya ɗauke da safe, layin mutane har waje. Ina cikin sito sai ga Manaja da kansa, ya ture kwalayen safar hannu ya nufi soket. Ban san lokacin da na tsaya tsakaninsa da bango ba.

"Matsa, Malam."

Na ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri. Ba za a zare ba."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Daga waje Anti na kira, mutane na gunaguni. Fitilar a mace. Na ce a raina, in ba ta kawo ba, yau ne ƙarshen watan nawa. Amma ban matsa ba.

Ja. Kore.

Anti ta leƙo: "Ya dawo, kuma komai na nan." Ba wanda aka sake ɗibar jininsa.

Manaja ya gyara kwalin da ya ture, ya ce gobe in yi wa ma'aikata bayani. Bai ambaci kamfani ba.

Maman yara ta tambaye ni da wace murya na yi masa magana. Na ce da tawa mana. Ta daɗe tana kallona.

Layin ciki har yanzu yana sarƙewa, dole in gano dalili. Ina zargin zafi, fankar sito ta raunana. Gobe zan ce wa Manaja a canza ta. Ba zan tsaya a bakin ƙofa ba, ina jin.