Mamman na Tabelot da Aka Ce Shekarunsa Sun Wuce

Zuwa ga Mai Girma Sufeton Lekwal, wato makarantun boko, na yankin Agadas,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya tare da iyali. Ni mushe ne, wato malamin makaranta, ina koyar da lissafi a garin nan tun kafin mu samu 'yancin kai.

Kwanan baya wata jaridar Faransa ta faɗo hannuna. A ciki na ga hotunan masana lissafi da aka ba lambar zinariya, wadda aka ce sai wanda bai haura arba'in ba ake ba. Na daɗe ina kallonsu, Mamman kawai nake tunawa.

Na ɗaya. Mamman ɗan wani mai lambun albasa ne daga Tabelot. Kafin in gama rubuta tambaya a allo ya riga ya ajiye alli. Ran da na yi kuskure, sai da aji ya watse sannan ya nuna mini, kansa a ƙasa.

Na biyu. Shi ya zo na ɗaya a jarrabawar shiga kwaleji, amma ba shi da takardar haihuwa. Akawun da aka turo ya dubi tsawonsa, ya rubuta shekara goma sha shida, alhali sha uku gare shi. Aka ce ya girma, aka soke sunansa.

Na uku, laifina ne. Ina tsaye a wurin. Ina jiran ƙarin girma a lokacin, na ji tsoro, na yi shiru. Mahaifinsa ya taso kan raƙumi takanas don ya ji dalili, na ce masa ya dawo baɗi, na kuwa san babu wani baɗi.

Yau Mamman yana bin bijimi yana jan ruwa a rijiya. Watan jiya ya kawo mini albasa, ya tambaye ni ko ina da tsohon littafin lissafi da na gama da shi. Na ba shi, na kasa haɗa ido da shi.

Ranka ya daɗe, ban ce lallai da Mamman ya ci zinariya ba. Ba mu bari an gani ba ne. Ina roƙo a daina auna shekarun 'ya'yanmu da ido, a saurari iyayensu. A kuma bar Mamman ya sake zama jarrabawa. Wannan karon zan tsaya in yi shaida, ko da zai ci mini aikina.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku jagora.

Wassalam.
Mushen lissafi, Agadas